Karɓar Makirufo a Hannun Alhaji Arzika

Kwanan baya ina zaune a wani shagon gyaran waya a Gawon Nama, ina jiran a canza wa tawa batir, sai na ji wasu samari suna hira a kan sana'ata, ba su san mai ita yana gefe ba. Ɗaya ya ce ai shirya taro yanzu ba aiki ba ne: ka buɗe kwamfuta, ka tura wa mutane hanyar shiga, kowa ya leƙo daga ɗakinsa, shi ke nan. A lokacin batirin ya fi damuna. Amma maganar ta biyo ni har gida, shi ya sa na ce bari in rubuta muku wannan, ku da masu irin tunaninku. Sunana Haliru. A Ƙofar Marke an fi sanina da Haliru Mai Taro, kuma na haura shekara talatin ina tara mutane wuri ɗaya, in sallame su ba a yi faɗa ba.

Aikina na farko ɗaukar kujeru ne a bayan Baba Yohanna. Mutumin Filato ne, koyarwa ta kawo shi Sakkwato ya zauna, da ya yi ritaya ya koma shirya wa ma'aikatu da ƙungiyoyi taron bita. Kayan aikinmu ba su da yawa: majigi mai nauyi kamar buhun gero, allon takarda, makar rubutu wadda ba ta bushewa sai ranar da aka fi bukatarta, janareta da sai an lallaɓa shi, da makirufo biyu. Agogonsa kuwa a aljihu yake ajiye shi, ba ya ɗaurawa, wai bai kamata babban mutum yana magana ya gan ka kana duba hannu ba.

A wani taron ma'aikatan gona na yi kuskuren da ya zama makarantata. Wani darakta ya riƙe makirufo ya ƙi saki, mutane har sun fara gyangyaɗi. Ni kuma da wayona na zagaya baya na zare igiyar. Da aka tashi, Baba Yohanna ya kira ni bayan zauren.

"Haliru, ɗana," ya ce, "kujera ta karye, mutane za su yi dariya su manta. Janareta ya mutu, za su yafe. Amma ka kashe wa babba murya a gaban yaransa, ka kashe taron, ka kashe abincinmu."

Sai da ya tasa ni gaba har gidan mutumin na durƙusa. A hanyar dawowa ya koya mini abin da nake ci da shi har yau. In babba ya zarce, ka matsa kusa da shi ka tsaya, hannu a baya. In bai gan ka ba, ka kai masa ruwa, don mutum ba ya sha yana magana, kafin ya ajiye kofi mai gabatarwa ya riga ya ce a tafa masa. In ruwa bai yi aiki ba, sai ka sa a shigo da abinci. Ƙamshi zai juya wuyan jama'a zuwa ƙofa, shi kuma mai magana ya samu dalilin tsayawa ba tare da wani ya tsayar da shi ba.

Bayan rasuwar Baba Yohanna, abokan cinikin da suka fi riƙe ni su ne wata ƙungiya ta dillalan fatu da ƙiraga. Mutum tamanin ne da 'yan kai, kuma duk wata uku suna taro ran Asabar. Uban ƙungiyar shi ne Alhaji Arzika na Ƙofar Kware, dattijo dogo mai farin gemu, wanda kusan rabin dillalan a hannunsa suka koyi gane fatar jar akuya ta kirki. Ba a buɗe taro sai da jawabinsa, kuma kullum da kalma ɗaya yake farawa: "Jama'a, ba ni da doguwar magana." Daga nan sai ya koma zamanin kakansa, ranar da ya tashi da raƙuma ɗauke da fatu zai nufi Agadas. Na taɓa barinsa sau ɗaya don in ga inda labarin zai tsaya. Aka kira azahar raƙuman ba su isa ba.

Tsayuwa kusa da shi ba ta aiki, sai ya dafa kafaɗarka ya sa ka cikin labarin. Ruwa kuwa da butar shayinsa yake yawo. Saboda haka muka ƙulla da Inno, matar da ke dafa mana abincin taro. In Alhaji ya yi minti goma, sai in cire hula in sosa kai. Tana gani daga taga sai a buɗe ƙofa, dafa-duka da kaza su shigo. Alhaji ya kalli faranti ya ce, "To, abinci ya zo, nan zan tsaya." Shekara ashirin muna haka, ina alfahari a raina cewa dattijon bai taɓa gane dabarar ba.

Sai shekarar kulle ta zo, lokacin annobar nan da aka hana taro. Kujeruna suka yi wata da watanni a jibge, ƙadangaru suka mayar da su gida. Na sayar da janareta na sayi hatsi. Na ce ai in aka buɗe gari komai zai dawo. Aka buɗe gari, amma mutane sun riga sun gano cewa ana iya ganin fuskar juna a waya.

A lokacin ƙungiyar ta yi sabon sakatare, Nasiru, ɗan ɗaya daga cikin dillalan, ya gama jami'a, mai ladabi da kaifin kai. Wani kamfani da ke sayen fata a Legas ya ce zai riƙa ɗaukar kayansu gaba ɗaya, amma da sharaɗin duk dillali ya halarci bita kan yadda ake fiɗa ba a huda fata ba, da yadda ake sa mata gishiri. Nasiru ya tashi a gaban shugabanni ya ce a yi ta intanet. Ba hayar zaure, ba man janareta, ba tikitin jirgin malamar da za ta koyar, ba masaukinta, ba abincin mutum tamanin, ba kuɗin mota. Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ta fi yi mini ciwo, don duk abin da ya lissafa a ce babu, a cikinsa nake.

"Baba Haliru, kai dai ka huta hakanan," ya ce mini a bakin ƙofa. "Abin ga yanzu ba shi son wahala."

Na ce Allah ya taimaka. Na koma ba da hayar kujeru a gidan suna.

Zaman farko na kalle shi ne a shagon maƙwabcina Dikko, wanda ɗan ƙungiyar ne, ya ce in zo in riƙe masa wayar. Nasiru ya ɗauki manhajar kyauta, wadda take katse taro in an yi minti arba'in. Abin da bai lissafa ba shi ne gaisuwa. Mutum ya shigo ya yi sallama, mutum talatin su amsa. Ya tambayi kwana, ya tambayi iyali, ya tambayi zafi, ya tambayi kasuwa. Kafin ya gama wani ya shigo, a koma farko. Wani yana kan babur ɗin kabu-kabu iska na buga wayar. Wani ya kafa ta a ƙarƙashin haɓa, ba abin da muke gani sai hancinsa. Wani ya manta ana jinsa, yana ta ciniki: "Albarka, wallahi ko uwar kuɗɗi ba ta kai ba." Malamar, wata baiwar Allah mai gilashi da take jin Hausa sama-sama, tana ta murmushi a 'yar tagarta da ke kan allo. An idar da addu'a ke nan, Alhaji Arzika ya ce, "Jama'a, ba ni da doguwar magana," allon ya ɗauke. Dikko ya dube ni ya ce, "An ƙare?" Na ce an ƙare. Ya ce, "To, ba laihi, ai an gaisa."

A zama na biyu Nasiru ya shirya. Ya biya kuɗin manhajar da ba ta katsewa, ya kuma gano madannin da ke rufe muryar kowa. Ya rufe masu gaisuwa, aka yi addu'a, aka ba Alhaji. Raƙuma suka tashi. Minti ashirin suna tafiya, malamar ta fara duba agogo, a hannu take ɗaura nata. Ta rubuta wa Nasiru wani abu. Ina kallon fuskarsa na san abin da zai yi, don irin fuskar da na yi ke nan ranar da na zare igiyar darakta. Na ce a raina, kada ka yi, yaro. Ya danna.

Malamar ta fara darasi. Alhaji kuwa bai san an rufe shi ba. Ga shi nan a tagarsa yana ta bayani, yana nuna tsawon raƙumi da hannu, yana girgiza kai a wurin da 'yan fashi suka tare hanya, har yana dariya shi kaɗai a inda aka saba yi masa dariya. Dillalai suka bar malama suka koma kallonsa. Wasu suka rufe baki da hula. Wani marar kunya ya naɗi hoton, kafin la'asar ya zagaye gari har ya shiga cikin gidan Alhajin.

Washegari Alhaji ya aika wa shugabanni cewa ya ajiye matsayin uban ƙungiya. Duk wanda ya koyi fata a hannunsa ya bi shi. Kamfanin ya ce shi ba ruwansa da rigimar gida, zai ba da rana ɗaya ta ƙarshe, in mutane ba su cika ba zai nemi fata a wani gari. Kwana biyu bayan haka ina wanke kujeru a ƙofar gida, sai ga Nasiru, ya rame kamar wanda ya tashi daga zazzaɓi.

"Baba, na yi ɓarna."

"A'a, ai abin ba shi son wahala," na ce, ina ci gaba da wanki.

"Don Allah, Baba. Babana ma ya daina amsa gaisuwata. In ka gyara wagga, duk taron da za mu yi, kai ka shirya shi."

Na ja masa rai na ɗan lokaci, don ni ma mutum ne. Amma na san wannan ce kaɗai ƙofar da ta rage mini ta komawa sana'ata. In ta rufe, ni da gidan suna har abada.

Muka je Ƙofar Kware da hantsi. Na gargaɗi Nasiru kada ya buɗe baki sai na taɓa shi. Muka yi gaisuwa mai tsawo, muka yi hirar zafi, muka yi hirar farashin gishiri, na tambayi labarin kakansa na saurara har raƙuma suka isa Agadas. Ranar na fara jin ƙarshen labarin, kuma ba laifi, yana da daɗi. Sannan na taɓa Nasiru, ya sauka daga tabarma ya durƙusa a ƙasa.

"Yaron ga ya maishe ni kihi cikin ruwa," in ji Alhaji, bai ko kalle shi ba. "Baki na motsi, babu magana. Jikokina na kallo suna dariya. Ni da ubanai yak koyi riƙon wuƙa gabana."

Da ƙyar ya haƙura, amma da sharaɗi: zai yi jawabinsa, kuma duk wanda ya taɓa madannin nan, shi da ƙungiya har lahira. Da muka kira malamar ita ma ta ba da nata sharaɗin: minti biyar na jawabi, in ya wuce za ta rufe kwamfutarta. Nasiru ya dube ni kamar zai yi kuka. Na ce ya bar mini.

Ga abin da na yi, ku masu cewa danna waya ne. Na sa aka buɗe taron awa guda kafin lokaci, aka sanar cewa wannan awar ta gaisuwa ce, kowa ya gaisa har ya ƙoshi, malama ba za ta shigo ba sai an gama. Na sa Nasiru ya kafe tagar Alhaji a sama, don a zaman baya ta faɗo ƙarƙashin ta wani yaron shagonsa, kuma an yi maganar. Na bi dillalai na ce kowa ya jingina wayarsa da wani abu, mun gaji da hanci. Su huɗu da suka saba shiga taro a kan kabu-kabu na ce su nemi inuwa. Sannan na tafi wurin Inno na ce ina son dafa-duka da kaza, faranti ɗaya.

"Hwaranti guda?" ta ce. "Haliru, talauci na ko ƙeta?"

"Zamani ne, Inno."

"To Allah shi kyauta zamani. Da tamanin, yau guda."

Ranar taron na isa zauren Alhaji da wuri, na kafa masa kwamfutar da Nasiru ya aro a kan ɗan teburi, na ɓoye kular abincin a bayan ƙofa, na zauna a gefe inda kyamara ba ta kama ni. Aka yi gaisuwa awa guda cif, har wasu suka rasa abin tambaya suka koma tambayar awaki. Malama ta shigo. Aka yi addu'a. Alhaji ya gyara rawani ya ce ba shi da doguwar magana.

Raƙuma na tashi, idona ya sauka a gefen tabarmarsa. Babu butar shayi. Shekara ashirin ban taɓa ganinsa babu ita ba. Sai na tuna ranar da kamfanin ya zaɓa. Alhamis. Duk tarukanmu ran Asabar muke yi, shi ya sa ban taɓa kawo wa raina cewa dattijo irinsa ba ya barin azumin Litinin da Alhamis ba. Na zo wa mai azumi da shinkafa in rufe masa baki.

Na leƙa allon, malamar ta ajiye agogonta a gabanta. Nasiru a tagarsa ya ɗaga hannuwa sama don kowa ya shaida bai taɓa komai ba. Minti uku. Ruwa ba zai yiwu ba. In tsaya kusa da shi, ya sa ni cikin labari. Minti huɗu, kakan Alhaji bai ko fita daga Ƙofar Kware ba. Na ga kamfani ya tafi, ƙungiya ta rabe, ni kuma ina jera kujeru ana raɗa wa jariri suna. Ba ni da wata dabara, sai na yi wadda na iya. Na jawo kular, na ajiye ta a gabansa, na buɗe murfin.

Ƙamshi ya cika zauren. Alhaji yana tsakiyar jimla, ya kalli shinkafar, ya kalle ni. Ban taɓa jin daƙiƙa mai tsawon wannan ba. Sai ya juya ga kyamara.

"To, jama'a, abinci ya zo. Nan zan tsaya. Malama, bisimilla."

Na ga Nasiru ya sauke hannuwa ya kifa kai a teburi. Malamar ta fara darasinta. Alhaji ya nuna mini kwamfutar da haɓa ya ce, "Rufe muryar, Haliru. Ni na ce a rufe." Na rufe.

"Alhaji, ka gafarce ni," na ce. "Sai da na buɗe na tuna yau Alhamis."

"Azumi nikai, ƙwarai."

"To me ya sa ka tsaya?"

Ya yi dariya har gemunsa na rawa. "Haliru, shekara ashirin kana cire hula kana susar kai, Inno na leƙe ta taga. Zato kakai ban gani ba? Zato kakai yunwa ka tsai da ni? Ni da ka ci da mutum talatin gidana?" Ya ja carbi. "Ni in na hau magana, ban san wurin sauka ba. Tun ina yaro haka nike. Kai tsani kaka kawo mani in sauko da girmana. Yaron ga kau turo ni yay yi."

Duk shekarun nan ina ganin ni ne mai wayo, ashe mu biyu muke aikin, kuma shi ya fi ni iya nasa ɓangaren. Na ji kunya, na kuma ji wani irin daɗi da ban taɓa ji a sana'ar nan ba.

"Ci abinka," ya ce. "Kai ai ba ka azumi."

Haka na zauna na cinye shinkafar Inno a gabansa, malama tana koya wa dillalai sa gishiri, shi kuma yana gyara mata a hankali inda ba mai jinsa sai ni. Mutane suka cika, kamfanin ya ɗauki fatar. Yanzu duk tarukan ƙungiyar ta intanet ake yi, ba zaure, ba janareta, kuma ni nake shiryawa. Kayan aikina sun koma kula ɗaya da kuɗin kabu-kabu zuwa Ƙofar Kware.

Da zan tafi a ranar, na rufe kular na miƙe, Alhaji ya kira ni.

"Haliru, na ga abin da Inno tas sa ciki. Hwada mata, in taro ya hwaɗo Asabar, cinya nika so. Ba a rufe bakin babba da fiffike."

Na kai saƙon. Inno ta yi mita, amma tun daga ranar cinya take sawa.